Hayaƙin da Na Kai Makarantar Ruƙayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka karrama 'yata Ruƙayya ba, kuma ba don daɗin ranar ba. Yanzu ma da na zauna rubuta wannan, sai da na ajiye biron na ɗan rufe fuska, alhali ni kaɗai ce a ɗakin. (Ku yi haƙuri da rubutun nawa. A makarantar yaƙi da jahilci na koya, can gida Nguru, da goyo a bayana, kafin na biyo mijina Malam nan Jidda.)

Sana'ata turaren wuta. A unguwar Sharafiyya muke zaune, hawa na uku, kuma duk wanda ya shigo gininmu ba ya buƙatar tambayar ƙofata, hancinsa zai kai shi. Wurin kakata na gaji haɗin, ita Babarbariya ce, ta kuma koya mini cewa babu wani abin alheri da zai wuce a gida ba a tayar masa da hayaƙi ba. Haihuwa, sauka, aure, tafiya, dawowa. Yaron da zai tsaya gaban mutane kuwa, ba a barin sa ya fita sai an turara kayansa an yi masa addu'a. Haka na taso na gani, haka na yi wa yayan Ruƙayya, Auwal, ranar saukarsa, har malaminsa ya ce a ba shi kaɗan ya kai wa iyali.

Ruƙayya ita ce autata, a nan aka haife ta. Hausa tana ji tsaf, amma in za ta amsa rabi Larabci ne, sauran rabin kuma sai ta ɗauko shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata makarantar 'yan mata ce a unguwar Safa ta ɗauke ta kyauta saboda ƙoƙarinta, makarantar 'ya'yan masu hali, waɗanda direba ke kawowa. A can ta haɗu da Jamusanci. Ranar da ta fara gaya mini na ce, "Ke da Larabci, ga Turanci, ga Hausar da ba ki gama iyawa ba, me za ki yi da na huɗu?" Ta yi dariya kawai. Daga nan kullum sai in ji ta a kicin tana wasu sautuka daga maƙogwaro. Farkon ji na ruga da kofin ruwa, na zaci ƙayar kifi ce ta shaƙe ta.

A shekararta ta ƙarshe aka yi gasar rubutun insha'i da Jamusanci tsakanin makarantun sakandare. Nata ya zo na ɗaya. Malamarta, Abla Huda, wata Bamisriya mai fara'a, ita ta kira ni da kanta tana ta "Mabruk, mabruk!" har na yi hawaye. Ta ce wadda ta zo ta ɗaya za a ba ta shahada, wato takardar shaida, za ta karanta insha'inta gaban baƙi ranar hafla, wato bikin karramawa, sannan a lokacin hutu a kai ta Jamus ta yi karatun wata guda.

To, a nan ne daɗin ya tsaya. Tun rasuwar Malam takardunmu suka rikice. Iƙamarmu, wato takardar izinin zama, tana hannun kafili, mutumin da ya tsaya mana, kullum sai gobe, "bukra, bukra", kuma kowa a Sharafiyya ya san in yarinya ta fita ƙasar nan a irin wannan hali, ba lallai ta samu dawowa ba. Ruƙayya ta fi ni sanin haka. Ba ta yi kuka ba, ba ta ma bari na fara kame-kamen lallashi ba. Ita da kanta ta je ta ce wa Abla Huda a ba wadda ta zo ta biyu kujerar tafiyar. Da ta dawo ta ajiye jaka ta ce, "Halas, shi ke nan, Umma. Amma zan karanta. Wannan ba ya buƙatar iƙama."

Kun ga abin da ya rage mata ke nan. 'Yan mintoci a kan dandamali, gaban baƙuwar da za ta zo daga Jamus, da iyayen yaran da suka shekara suna kallon ta sama-sama. Makonni ta yi tana bita. Gaban madubi, kan bene, cikin wanka ma. Ta san inda za ta ja numfashi, ta san inda za ta ɗaga kai ta dubi mutane. Har ni na haddace kiɗan abin, ko da yake ban san kalma ɗaya a ciki ba.

Ana gobe hafla, bayan la'asar, ta same ni ina tankaɗe ƙajiji. Ta durƙusa kusa da ni, abin da ba ta cika yi ba.

"Umma, bukra ki zo haka kawai."

"Haka kawai yaya?"

"Ya'ani... hannu biyu. Ba kasko, ba turare. Allah ya bar ki, Umma."

Na ce, "To ko a gida ba zan turara miki kaya ba?"

Ta sunkuyar da kai. A ranar na san cewa tun shigarta makarantar wasu yara ke kiran ta da sunan kaskon turare, in ta wuce su riƙa tari na ƙarya. A ranar kuma na gane dalilin da ya sa take shanya kayan makarantarta can kan rufin bene, nesa da ɗakinmu. Ni ina zaton rana take nema.

Na ce mata, "Na ji, 'yar nan. Ba zan zo da komai ba." Kuma wallahi har zuciyata na faɗa.

Da safe motar makaranta ta ɗauke ta. Na tsaya a taga ina kallon ta tana tafiya, ba ƙamshin komai a jikinta sai sabulu, sai na ji kamar na tura ta kasuwa ba takalmi. Ina cikin shiri maƙwabciyata Yaya Falmata ta leƙo, mutuniyar Chadi ce, ta girme ni, kuma ba ta taɓa shakkar komai ba a rayuwarta.

"Kin turara ta?"

Na ce ta hana.

Ta dafe ƙirji. "Ta hana! Ke kika haife ta ko ita ta haife ki? Yarinya marainiya ta doke 'ya'yan masu gari, za ta hau sama duk ido a kanta, ki bar ta haka tsirara? Baki fa, ƙanwata. Bakin mutane ba ya jin Jamusanci."

(Ba na ɗora mata laifi. Ita magana ta yi, ni na buɗe jaka.)

Na ɗauki ƙaramin kaskona, na sa shi cikin wani kwanon silba mai murfi, da gawayi guda ɗaya irin mai saurin kamawa, da ɗan turare a leda, na musamman wanda nake haɗa wa amare. Na ce wa kaina ba zan kunna ba, rakiya kawai zai yi mini.

Zauren makarantar ya yi sanyi kamar cikin firji, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta ko'ina. Furanni, fitilu, uwaye cikin abayoyin da ko a shago ba na taɓa irinsu da hannu. Na samu kujera can baya na lafe. Ga Ruƙayya a sahun gaba, takardunta a kan cinya, bayanta a miƙe. Ta waigo ta gan ni, ta dubi hannuwana, ta ga jaka ce kawai, ta yi mini murmushi. Wannan murmushin shi ya fi ci mini rai har yau.

Aka fara jawabai. Shugabar makarantar ta yi nata, Bajamushiyar ta yi nata, doguwar mace mai farin gashi, Abla Huda tana fassarawa. Aka shiga kiran yaran da suka yi fice a jarrabawar harshen, aji-aji, kowace ta hau ta karɓi shahada a tafa. Na lura duk wadda za ta hau sai ta fara shiga wani ɗan ɗaki a gefen zauren ta sako wata shuɗiyar riga mai faɗi a kan kayan makarantarta. Masu insha'i su ne na ƙarshe. Wato rigar Ruƙayya tana can rataye, ba mai kallon ta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi kamar mai neman banɗaki, na bi ta bayan kujeru, na tura ƙofar. Ba kowa. Riguna uku suka rage, kowace da suna a jiki. A ranar na yi da-na-sanin iya karatu, don da ban iya ba da ban gane tata ba.

Na rufe ƙofa. Na ce ai ba ita zan turara ba, riga ce, rigar ma ta makaranta. Ban karya alkawari ba, na ɗan lanƙwasa shi ne. Na kunna gawayin, ya kama nan take, na barbaɗa turare, na riƙe rigar a kai ina juyawa ina karanta abin da ya sawwaƙa. Ku yarda da ni, haɗin nan ya yi kyau. Hayaƙin ya tashi fari tas, mai nauyi, irin wanda ke kama zare ya zauna. Hannun mai sana'a kuma ba ya jin magana: na ƙara kaɗan.

Na ga wani farin abu zagayayye a jikin silin, da 'yar jar fitila tana ƙiftawa. Na ɗauka kyamara ce. Har gyara lulluɓina na yi, na ɗan juya mata baya.

Ƙarar da ta biyo baya ban taɓa jin irinta ba. Kamar a cikin haƙorana take. Fitilu suka hau walƙiya, wata murya ta riƙa maimaita cewa kowa ya fita, kowa ya fita. Na ji kujeru suna faɗuwa a zaure, mata suna salati, malamai suna "Yalla, ya banat, yalla!" Ni kuwa, maimakon in tsaya in ce ba gobara ba ce, ni ce, sai na cusa kaskon da wutarsa cikin kwanon, na dafa murfin, na jefa a jaka, na maƙale ta a hammata na bi ayari. Har da taya wata tsohuwa sauka daga matakala, ina ce mata kada ta ji tsoro, Allah zai kiyaye.

Aka tara mu a wurin ajiye motoci. Rana tsaka, zafin Jidda da kuka sani, wanda iska ma jiƙaƙƙiya ce. Yara suka yi layi ana kiran suna. Uwayen nan masu kwalliya, hoda ta fara gangarowa. Bajamushiyar ta yi jawur, wata malama tana yi mata fifita da takardar tsarin taro. Motar kashe gobara ta iso da jiniya, maza suka ruga ciki da kayansu.

Na hango Ruƙayya a layinsu. Kowa ginin yake kallo, ita ni take kallo. Daga baya na fahimci tun kafin ƙararrawar ta buga mukayyif ya riga ya kai ƙamshin sahun gaba, kuma yarinyar da ta girma a ɗakina ba za ta kasa gane haɗin uwarta ba.

Jakar ta fara zafi. Na sauya mata hammata. Ta ƙara zafi. Na rungume ta a ciki na ja abaya na rufe, ina murmushin da ba na kowa ba.

Masu kashe gobara suka fito, babbansu ya ce babu wuta, wani ne ya kunna turare a ƙaramin ɗaki. Shugabar makarantar ta juyo ta dubi taron, cikin fushi, ta ce wane ne ya yi wannan? Kowa ya dubi na kusa da shi. Ni ma na shiga waige-waige tare da kowa, ina neman mai laifin.

Matar da ke kusa da ni ta taɓa kafaɗata a hankali.

"Ya khala," ta ce, "hayaƙi yana fita ta hannun abayarki."

Na duba. Ta hannun dama yake fita, siriri, a natse, yana hawa sama kamar ba ruwansa. Kafin in ce wani abu mutane sun dare sun bar ni ni kaɗai a tsakiya. Wani saurayi cikin masu kashe gobarar ya zo ya karɓi jakar da ladabi, ya buɗe, ya ciro kwanon da safar hannunsa, ya ɗaga murfin. Hayaƙin da ya taru ya tashi gaba ɗaya, ya lulluɓe mu ni da shi. Ya ɗaga ɗan kaskona sama, kowa ya gani, sannan ya tsiyaya masa ruwan gora. Ya yi "cuuu". A duk filin nan ba abin da ake ji sai wannan.

Shugabar ta tako har gabana. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ke mahaifiyar wace ce?"

Na yi niyyar in ce ba ni da kowa a nan, na ɓata hanya ne, ni mai shara ce, komai dai, don kada sunan ya fito. Ina cikin haka na ji muryarta daga layi, a sarari, irin muryar da ta yi makonni tana gyarawa don dandamali.

"Ummi ce."

Ta fito daga layin ta zo ta tsaya kusa da ni. Ba ta dube ni ba. Wasu yara a baya suka fara ɗan tarin nan nasu, Abla Huda ta juya ta harare su suka yi tsit.

Aka ce ba za a koma ciki ba sai an gama duba ginin duka, haka doka take. Baƙuwar kuma jirgi za ta bi, an riga an ci lokacinta. A nan tsaye, a gefen wata mota, aka miƙa wa yara ukun shahadarsu. Bajamushiyar ta riƙe hannun Ruƙayya ta faɗi wata magana, ita ma ta amsa da kalma biyu ko uku. Iyakar Jamusancin da 'yata ta yi a ranar ke nan. Takardun insha'in suna ɗaya hannun, ta nannaɗe su har sun jiƙe da gumi.

Muna shirin barin wurin, matar nan da ta fara ganin hayaƙin ta biyo ni da sauri. Na tsaya, na ce to, ga zagin ya iso, na kuma cancanta. Sai ta rage murya ta ce, "Don Allah, a ina kike sayen wannan turaren?" A gaban Ruƙayya. Ni kuma, Allah ya shirye ni, na buɗe baki na ce, "Ni nake haɗawa."

Muka hau tasi zuwa Sharafiyya. Direban ne kawai ya ce masha Allah, wani ƙamshi ne haka.

Da ta yi mini faɗa da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ajiye shahadar a kan firji, ta shiga ɗaki. Kwanaki bayan nan komai na ce sai "Na'am, Umma", "To, Umma", ta yi wanke-wanke, ta yi shara, ta ci abinci kaɗan. Bitar da na saba ji a kicin ta ɗauke ɗif. Yaya Falmata ta zo jin labari, na ba ta, sai ta ce, "To amma dai kin ga baki bai kama ta ba."

Na sa abayata na koma Safa ni kaɗai (jakar hannu ma ban ɗauka ba) na ba shugabar haƙuri, na roƙi Abla Huda ko za a samu wata rana yarinyar ta karanta, ko a aji ne. Ta riƙe hannuna ta ce ta so haka, amma jarrabawar ƙarshe ta zo, 'yan ajin sun daina zama, shekara ta ƙare. Halas.

Da hutu ya zo, wadda aka ba kujerar ta tafi. Na san ranar, don na ga Ruƙayya ta daɗe tana kallon hotuna a waya, sannan ta kife ta. Da yamma ina kicin ina daka, sai na ga mutum a bakin ƙofa. Takardun nan ne a hannunta, duk sun yamutse, ta miƙar da su da tafin hannu.

"Ki ajiye taɓaryar, Umma."

Na ajiye. Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta fara. Tsakanin firji da buhun gawayi, ba shuɗiyar riga, ba furanni, mai sauraro ɗaya, ita ma ba ta jin ko kalma. Ta ɗaga kai daidai inda ta saba ɗagawa, sai dai ni kaɗai ta samu ta kalla. Da ta ɗan tsaya na ɗauka ƙarshen ke nan na fara tafi.

"Lissa, Umma. Ban gama ba."

Na mayar da hannuwana cinya. Da ta kai ƙarshe na gaske ban iya tafin ba. Na ce, "Ya yi daɗi, 'yar nan. A kan me kika rubuta?"

Ta ninke takardun a hankali. Ta ce, da Hausarta mai tafiya sannu, "Abla Huda ce za ta fassara wa iyaye. A ranar."

Ta juya ta fita. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba. Mun koma hira, mun koma dariya, tana taya ni ɗaura turare a leda in aiki ya yi yawa. Amma har yau ban san abin da 'yata ta rubuta ta doke duk makarantun nan da shi ba, kuma na san ni na hana kaina ji.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ɗanka ya ce ka zo hannu biyu, ka zo hannu biyu, addu'a ba ta buƙatar gawayi. Yanzu duk inda na shiga, asibiti ne ko gidan biki, kafin in gaida kowa sai na ɗaga kai na dubi silin. Matar nan ta Safa kuwa har yau tana aiko direbanta karɓar turare, ta ma kawo mini ƙawayenta. A bakin titi nake tarar sa. Ruƙayya ba ta sani ba.